Hans Kelsen: Malamin da Ya Gina wa Tsarin Mulki Kotu, Aka Halatta Juyin Mulki da Littafinsa

Ranar 27 ga Oktoba 1958, kwana 20 da soke kundin tsarin mulkin Pakistan, Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke hukunci a shari'ar wani mutum mai suna Dosso. Tun farko majalisar dattawan ƙabila ce ta same shi da laifin kisa a ƙarƙashin wata tsohuwar dokar Turawan mulkin mallaka. Babbar kotu ta rushe hukuncin, ta ce dokar ta ci karo da 'yancin da kundin 1956 ya ba kowane ɗan ƙasa. Gwamnati ta ɗaukaka ƙara. Ana cikin haka Shugaba Iskander Mirza ya shafe kundin baki ɗaya, ya naɗa Janar Ayub Khan ya riƙe ƙasa da dokar soja. Alƙalai suka wayi gari da tambayar da babu mai son a yi masa: da wace doka za a yi wa Dosso shari'a, alhali uwar dokokin ta kwanta dama? Babban joji Muhammad Munir ya jawo littafin wani farfesa, ya kafa hujja da shi cewa juyin mulkin da ya yi nasara shi kansa hanya ce ta kafa sabuwar doka. Kundin 1956 ya mutu, 'yancin da Dosso ya dogara da shi ya bi shi kabari. A daren ranar kuma Ayub ya tunɓuke Mirza.

Farfesan da aka ɗauko littafinsa yana raye a lokacin. Shekarunsa 77, ya yi ritaya a Kalifoniya, kuma shi kansa ɗan gudun hijira ne, wanda masu take tsarin mulki suka raba da kujerarsa har sau biyu. Sunansa Hans Kelsen. Na daɗe ina jin zafin yadda sunan mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa wajen gina wa kundin tsarin mulki mai gadi ya koma abin da lauyoyin gwamnatocin soja ke fara ambata a gaban kotu. Wanda ke son gane yadda aka yi haka, dole ya bi aikin mutumin daga tushe.

An haifi Kelsen a birnin Prag a 1881, a gidan Yahudawa masu magana da Jamusanci, iyayensa suka koma Biyana, babban birnin Ostiriya, yana ɗan shekara 3. A jami'ar Biyana ya yi digirin digirgir a fannin shari'a a 1906, kuma a 1911 ya fitar da ƙaton littafin da ya ba shi izinin koyarwa, kan manyan matsalolin dokar ƙasa. Abin da ya dame shi tun yana ɗalibi shi ne malamansa na cakuɗa hatsi da tsakuwa. Malami zai fara bayanin abin da doka ta ce, kafin ka ankara ya zarce zuwa abin da yake so ta ce, ya haɗa da tarihi da siyasa da wa'azi, ya miƙa maka duka da sunan ilimin shari'a. Kelsen ya ce a tsaya a rairaye. Tambayar mece ce doka daban, tambayar ko dokar adalci ce daban. Wannan tankaɗe da rairaya shi ne abin da ya kira tsantsar nazarin doka, kuma da wannan suna ya wallafa shahararren littafinsa a 1934, ya sake faɗaɗa shi a 1960.

Akwai misalin da shi kansa ya yi amfani da shi. Ɗan fashi ya tare ka ya ce kawo kuɗi. Ma'aikacin haraji ya aiko maka da takarda, shi ma ya ce kawo kuɗi. Umarni ɗaya ne, kuma kowannensu yana da abin da zai yi maka in ka ƙi. Me ya sa ɗaya doka ne, ɗaya laifi? Kelsen ya ce ka bi sawun umarnin zuwa sama. Ma'aikacin haraji yana da wata ƙa'ida da ta ba shi hurumin rubuta takardar. Ƙa'idar ta samo ƙarfinta daga dokar haraji da majalisa ta zartar. Majalisa ta samo ikon yin doka daga kundin tsarin mulki. Kowane mataki na ƙasa yana rataye da na samansa, kamar matakalar bene. Ɗan fashi kuwa in ka bi sawun umarninsa, a bakin bindigarsa za ka tsaya. Wannan hoton matakala daga abokin aikinsa Adolf Merkl ya karɓe shi, bai kuma ɓoye hakan ba.

To, shi kundin tsarin mulki fa, wa ya ba shi iko? Za ka ce kundin da ya gabace shi, wanda ya tsara yadda za a sauya shi. Shi kuma na gabansa fa? Haka za ka yi ta hawa har ka iske kundin farko, wanda babu wata doka da ta haife shi: wasu mutane ne suka taru, ko suka ci yaƙi, ko suka kori sarki, suka ce daga yau ga tsarin da za a bi. A nan matakala ta ƙare, kuma a nan gizo ke saƙa. Kelsen ya ce duk lauyan da ke kallon dokokin ƙasarsa a matsayin doka, ko ya sani ko bai sani ba, ya riga ya ɗauka a ransa cewa wajibi ne a bi wancan kundin na farko. Wannan ɗaukar ita ya raɗa wa suna da Jamusanci Grundnorm, wato ƙa'idar tushe. Ba a rubuce take a ko'ina ba, babu majalisar da ta zartar da ita. Zato ne da tunanin lauya ke tsayawa a kai, kamar yadda mai lissafi ke karɓar wasu ƙa'idoji kafin ya fara lissafi. Sai dai ya gindaya sharaɗi: ba a yin wannan zato sai ga tsarin da ake bi a zahiri, wanda kotuna ke aiki da shi, jama'a galibi ke yi wa biyayya. A riƙe wannan sharaɗi, domin ta nan ɓarakar ta shigo.

Kelsen bai tsaya a aji ba. A Yaƙin Duniya na Ɗaya ya yi aikin ba da shawarar shari'a a ma'aikatar yaƙi, ya ga daular Ostiriya da Hangari ta wargaje a gaban idonsa a 1918. Shugaban gwamnatin sabuwar jamhuriya, Karl Renner, ya kira shi ya taimaka wajen tsara kundi, aka amince da shi ranar 1 ga Oktoba 1920. An yi masa gyare-gyare da yawa, amma har yau shi ne ƙashin bayan tsarin mulkin Ostiriya. Ɓangaren da Kelsen ya fi alfahari da shi shi ne na kotun tsarin mulki.

Tunanin ya fito ne kai tsaye daga matakalar nan. In har dokar majalisa daga kundi take samun ƙarfi, to dokar da ta saɓa wa kundi tana da lam'a, kuma dole a samu wanda zai ce da ita a'a. Kundin da ba shi da mai cewa a'a, a wurin Kelsen, fatan alheri ne kawai aka rubuta a takarda. Amurka ta daɗe da nata salon tun hukuncin 1803, inda kowace kotu ke iya ƙin aiki da dokar da ta saɓa wa kundi a shari'ar da ke gabanta. Turai ba ta yarda da alƙalanta har haka ba, ga shi kuma babu al'adar hukuncin babbar kotu ya ɗaure na ƙasa da ita yadda ake yi a Ingila da Amurka. Don haka aka ware kotu guda, aikinta ke nan, in ta soke doka ta soku ga kowa. Kelsen ya kira ta mai yin doka ta fuskar sokewa: majalisa na ɗorawa, ita tana saukewa. Kuma bai ɗauki wannan a matsayin kishiyar dimokuraɗiyya ba. A ganinsa dimokuraɗiyya sulhu ce ta kullum tsakanin masu rinjaye da marasa rinjaye, kuma abin da ke hana mai rinjaye na yau murƙushe wanda ya kayar shi ne kundin da ba ya sauyuwa da rinjayen ƙuri'a ɗaya, da kotun da ke tsaron sa.

Shi ma an naɗa shi alƙali a kotun, naɗi na har abada. Shekara 10 kacal ya yi. Abin da ya ci kujerarsa maganar aure ce. Dokar Ostiriya ta wancan lokaci ba ta yarda ɗan Katolika ya sake aure ba muddin abokin zamansa na farko na raye, ko da sun rabu. Daga 1919 gwamnan wata jiha, Albert Sever, ya riƙa ba mutane takardar sassauci su sake aure, dubban mutane suka yi aure da ita, suka haihu. Kotunan gama-gari kuma suka riƙa rushe aurarrakin. Wato hukuma ce da hannun dama ta ba ka izini, da hannun hagu ta ce zaman da kake yi da matarka ba aure ba ne. Kotun tsarin mulki, Kelsen na kan gaba, ta ce kotunan gama-gari ba su da hurumin rushe takardar da ɓangaren zartarwa ya bayar. Jam'iyyar masu ra'ayin Katolika da jaridunta suka yi masa ca, zagi ya kai har ƙofar gidansa, inda aka manna takardar cin mutunci. A 1929 aka gyara kundi da sunan raba kotun da siyasa, aka sallami alƙalanta duka a farkon 1930. Jam'iyyar adawa ta yi masa tayin ta mayar da shi a cikin kasonta, ya ƙi, domin bai yarda alƙali ya zauna a matsayin ɗan wata jam'iyya ba. Ya tattara ya koma jami'ar Kolon a Jamus.

A can ya yi muhawarar da har yau ɗaliban fannin ke karantawa. A 1931 Carl Schmitt, wani gogaggen masanin dokar ƙasa, ya rubuta cewa kotu ba za ta iya gadin tsarin mulki ba. A cewarsa mai gadi na gaskiya shi ne shugaban ƙasa, wanda jama'a suka zaɓa kai tsaye, wanda sashe na 48 na kundin Jamus na lokacin ya ba ikon dokar ta-ɓaci. Kelsen ya mayar da martani a shekarar. Hujjarsa mai sauƙi ce: an yi kundi ne don a taka wa mai iko birki, to yaya za a ba wanda ya fi kowa damar karya shi amanar tsaron sa? Ba a ba kura ajiyar nama. Ba a yi nisa ba aka ga zahiri. A Yulin 1932 aka yi amfani da sashe na 48 aka kori gwamnatin jihar Furusiya, Schmitt ne ma ya tsaya wa gwamnatin tarayya a kotu. A Janairun 1933 shugaban ƙasar da aka kira mai gadi ya miƙa wa Hitler gwamnati.

A Afrilun 1933 aka kafa dokar korar Yahudawa da 'yan adawa daga aikin gwamnati, aka dakatar da Kelsen. Abokan aikinsa na tsangayar shari'a a Kolon suka rubuta takardar roƙo a bar shi, kowa ya sa hannu sai mutum ɗaya. Mutumin shi ne Schmitt, wanda bai daɗe da zuwa jami'ar ba, kuma Kelsen na cikin waɗanda suka goyi bayan a ɗauke shi duk da saɓanin da ke tsakaninsu. A watan Mayu Schmitt ya shiga jam'iyyar Nazi. Kelsen ya tsere Janeba ta ƙasar Suwizalan, ya koyar da dokar ƙasa da ƙasa. Daga 1936 zuwa 1938 ya riƙa zuwa koyarwa a Prag, garin haihuwarsa, inda ɗalibai masu ra'ayin Nazi suka ƙaurace wa darasinsa, sai da 'yan sanda suka riƙa raka shi. A 1940, yana dab da shekara 60, ya haye Amurka. Jami'ar Harvard ta karɓe shi na ɗan lokaci amma ba ta ba shi kujera ta dindindin ba. A jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya samu wurin zama, a sashen kimiyyar siyasa, ba ma tsangayar shari'a ba, ya koyar har 1952. A nan ya rubuta littafin 1945 da Munir ya ɗauko, da kuma babban sharhinsa kan dokar Majalisar Ɗinkin Duniya a 1950.

Kotun da ya tsara ta fi shi samun karɓuwa. Jamus ta Yamma ta kafa tata a 1951, ta Italiya ta fara aiki a 1956, Sifaniya ta biyo baya bayan mutuwar Janar Franco, mai mulkin kama-karya, sannan ƙasashen Gabashin Turai bayan 1989, da Afirka ta Kudu bayan wariyar launin fata, da ƙasashen Afirka da dama masu amfani da Faransanci.

Yanzu mu koma kan ɓarakar nan. A littafin 1945 Kelsen ya rubuta cewa in wasu suka kifar da gwamnati ta hanyar da kundi bai tanada ba, kuma sabon tsarin ya zauna da gindinsa, jama'a suka bi, to masanin doka zai tarar ƙa'idar tushe ta sauya: abin da ake kira doka a ƙasar yanzu shi ne na sababbin masu iko. In kuma suka gaza, tsohon tsari ne zai hukunta su da laifin cin amanar ƙasa. Wannan bayani ne na mai kallo, irin na likitan da ya duba ya ce mara lafiya ya cika. Munir ya mayar da shi fatawa. Kuma ya yi haka kwana 20 da juyin mulki, lokacin da babu wanda ya isa ya ce abin ya zauna, shaida kuwa ita ce wanda ya soke kundin bai kwana a kujerarsa ba. Alƙali ba ɗan kallo ba ne. Biyayyar kotuna tana cikin abubuwan da ake aunawa kafin a ce sabon tsari ya zauna. Saboda haka alƙalin da ya ce na bi su domin sun yi nasara, shi ne da hannunsa yake cika musu nasarar da yake kafa hujja da ita.

Hukuncin Dosso ya yi ƙafa. A Yuganda, Milton Obote ya jingine kundin 1962 a shekarar 1966, ya kawo nasa. Aka tsare wani basaraken masarautar Buganda, Michael Matovu, maganar ta je babbar kotu. Babban jojin ƙasar a lokacin ɗan Najeriya ne, Sir Udo Udoma, kuma kotun ta bi sawun Kelsen da Dosso ta ce sabon kundin ya halatta. A Rodeshiya ma, wato Zimbabuwe ta yau, bayan Ian Smith ya ayyana 'yancin kai na tsirarun fararen fata a 1965, an yi ta jan sunan Kelsen a kotu, a ƙarshe alƙalan ƙasar suka amince da gwamnatin duk da kotun ɗaukaka ƙara ta Landan ta ce haramtacciya ce.

Najeriya ta gwada wata hanya. A shari'ar Lakanmi, wadda ta taso daga ƙwace dukiyar wasu mutane da dokar soja, lauyoyin gwamnati sun ce abin da ya faru a Janairun 1966 juyin juya hali ne, don haka kundin 1963 ba ya ɗaure soja. A Afrilun 1970 Kotun Ƙoli a ƙarƙashin Sir Adetokunbo Ademola ta ƙi. Ta ce ragowar ministoci ne suka miƙa mulki na wucin gadi saboda larura, kundi na nan, kuma dokar da ta ambaci mutane da suna ta ƙwace dukiyarsu shiga hurumin kotu ce. Cikin makonni gwamnatin Gowon ta fitar da doka ta 28 ta 1970, ta ce juyin juya hali aka yi, ta kuma rushe duk hukuncin da ya ce akasin haka. Wasu na kawo wannan a matsayin shaidar cewa Kelsen ya faɗi gaskiya, ƙarfi ne ke yanke magana. Ni abin da na gani daban ne. Kotun ta tilasta wa soja su faɗi da bakinsu cewa da ƙarfi suke mulki, ba ta ara musu rigarta ba, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ban wanke Kelsen tas ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, masanin shari'a na Jamus Gustav Radbruch ya zargi masu raba doka da adalci da cewa su suka bar lauyoyin Jamus ba makami a gaban Nazi. Zargin ya yi wa Kelsen nauyi fiye da kima, domin waɗanda suka yi wa Hitler hidima da alƙalami irin su Schmitt ne, masu raina rubutacciyar doka suna ɗaukaka nufin shugaba. Amma akwai gaskiya a ciki. Nazarin da ya ce ba ruwansa da adalci ba shi da abin da zai faɗa wa alƙalin da ya tashi da safe ya ji sanarwar soja a rediyo. A wannan safiyar alƙali ba bayani yake nema ba, zaɓi ne a gabansa, kuma Kelsen da gangan ya ajiye maganar zaɓi a wajen ilimin doka, ya bar ta ga lamirin mutum. Shi ya yi nasa zaɓin, ya biya da kujera biyu da ƙasa biyu. Littafinsa dai bai tilasta wa kowa yin irinsa ba, kuma kalmar doka tana da kwarjini a kunnen jama'a: in masani ya ce umarnin mai bindiga ya zama doka, kaɗan ne za su ji cewa bayani kawai yake yi.

Pakistan ce ta warware abin da ta ƙulla. Wata budurwa 'yar kimanin shekara 20, Asma Jilani, wadda duniya ta sani daga baya da Asma Jahangir, ta kai ƙara kan tsare mahaifinta da aka yi da dokar sojan Janar Yahya Khan. A Afrilun 1972 Kotun Ƙoli a ƙarƙashin Hamoodur Rahman ta rushe hukuncin Dosso. Ta ce maganar Kelsen ra'ayin masani ce, ba doka ce da ke ɗaure alƙali ba, an kuma yi mata gurguwar fahimta. Ta ce in ma ana neman ƙa'idar tushe, ta Pakistan ita ce mulki na Allah ne, jama'a amana aka ba su. Ta kira Yahya Khan ɗan ƙwace. Sai dai a lokacin Yahya ya riga ya sauka tun Disambar 1971. Kelsen ya rasu a Afrilun 1973 yana da shekara 91, a shekarar da sabon kundin Pakistan ya sanya soke tsarin mulki cikin laifin cin amanar ƙasa. A Yulin 1977 Janar Zia-ul-Haq ya kifar da Zulfikar Ali Bhutto, matar Bhutto, Nusrat, ta garzaya wannan kotu. Alƙalai ba su jingina da Kelsen ba a wannan karon. Sun ce larura ce ta sa soja suka karɓi mulki, suka amince. An rataye Bhutto a 1979, Zia kuma ya yi shekara 11 a kan mulki.